Mayar da tsohuwar masana'anta zauren abinci da shaguna: daga ina ake farawa?

"Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wani tsohon ginin masana'antar matse man gyaɗa a Bompai da ke Kano, wanda ya fi shekara ashirin a rufe. Ni da ƙannena mun ga yadda a ƙasashen waje ake mayar da irin waɗannan gine-gine wuraren cin abinci da shaguna, shi ne muke tunanin yin haka. Wasu na cewa mu rushe mu gina sabuwar filaza, wai ya fi sauƙi. Shin gyaran ya fi arha? Kuma daga ina za mu fara?"

Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya albarka a abin da ya bari. Idan na fahimce ka da kyau, tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda: ko gyaran tsohon gini ya fi rushewa a sake sabo sauƙin kuɗi, da kuma matakin da ya kamata ku fara ɗauka a matsayinku na magada. Zan ƙara ta uku wadda ba ka yi ba, domin a wajena ita ce uwa ga sauran: wane ne zai shigo wannan wuri ranar Talata da hantsi, lokacin da babu biki, babu sallah, kuma ba ƙarshen mako ba? Yawancin ayyukan da na ga sun durƙushe, ba bango ne ya kayar da su ba, wannan tambaya ce ba a yi ta ba tun farko.

Game da arha, amsar ita ce ba kullum ba. Abin da tsohon gini yake ba ka kyauta shi ne ƙashin bayansa, wato tushe da ginshiƙai da bango da tsayin rufi. A wurin da za a riƙa girki ana tara jama'a kuwa, kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne a abubuwan da ido ba ya gani: bututun hayaƙi, magudanar ruwa, wayoyin lantarki, hanyoyin tsira daga gobara. Duk waɗannan sababbi za ka sa ko ka gyara ko ka rushe, kuma cusa su cikin ginin da ba domin su aka yi shi ba ya fi shimfiɗa su a fili wahala. Saboda haka dalilin barin tsohon gini ba arha ba ce. Dalilin shi ne yana da wani abu da ba za ka iya saye ba a yau, kamar zaure mai faɗi wanda ginshiƙai ba su cika shi ba, da rufi mai tsayin da zafi ke tashi sama ya bar mutane, da kamannin da ke bambanta shi da filazojin da suka cika gari, waɗanda duk kamar uwa ɗaya ta haife su.

Abin da ya faru a wuraren da kuka gani

Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne Chelsea Market a birnin New York na Amurka, kuma ya kamata a san tarihinsa sosai domin hotunansa suna ɓoye darasinsa. Asalinsa rukunin gine-ginen kamfanin biskit ne na Nabisco, wanda aka fara ginawa tun shekarun 1890, kuma a nan aka fara yin biskit ɗin Oreo a 1912. Kamfanin ya tashi daga wurin a ƙarshen shekarun 1950, gine-ginen suka yi shekaru suna lalacewa a unguwar mahauta da manyan motocin kaya, wadda ba mai zuwa yawon shaƙatawa. A shekarun 1990 wani ɗan kasuwa mai suna Irwin Cohen ya karɓi wurin, aka fasa bangaye aka yi doguwar hanya guda da ta ratsa hawan ƙasa daga wannan titi zuwa wancan, aka buɗe kasuwar a 1997.

Hikimar tana cikin irin mutanen da ya fara bai wa haya. Bai jira masu yawo su zo cin abinci ba, domin a lokacin babu su. Ya nemo masu sana'ar abinci da ke sayar da sari: masu gasa burodi irin su Amy's Bread, da masu kifi irin su Lobster Place, da dillalan kayan marmari da ganye, mutanen da tun da asuba suke loda kaya zuwa gidajen abinci da otal-otal na birnin. Ta baya suna sari, ta gaba suna da ɗan kanti na sayar da ɗai-ɗai, kuma an sa gilashi domin mai wucewa ya ga ana kwaɓa fulawa ana fito da burodi daga tanda. Ma'ana, ko mutum ɗaya bai shigo ta ƙofar gaba ba, ɗan haya yana da abin biyan haya. A benayen sama kuma aka zuba ofisoshi da gidajen talabijin, ciki har da tashar girke-girke ta Food Network, waɗanda ma'aikatansu suka riƙa saukowa cin abincin rana kowace ranar aiki. Sai a 2009 aka buɗe High Line, tsohon layin dogo na sama da aka mayar lambun tafiya da ƙafa, wanda ya ratsa ta cikin ginin ya riƙa kwararo masa baƙi. A 2018 kamfanin Google ya sayi ginin a kan dala biliyan 2.4, kuma ba rumfunan abinci ya biya wa wannan kuɗi ba, benayen sama ya saya, abincin shi ne ya sa benayen suka yi daraja.

Haka zancen yake a Ponce City Market da ke Atlanta. Katafaren sito ne da kantin kamfanin Sears da aka gina a 1926, daga baya ya koma hannun hukumar birnin, wadda ta sayar wa kamfanin Jamestown a 2011 a kan dala miliyan 27. Gyaransa ya ci ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi, kuma zauren abincin ɗan yanki ne kawai na ginin. Sauran ofisoshi ne da gidajen kwana da shaguna, ga kuma hanyar masu tafiya da ƙafa da kekuna ta BeltLine a jikinsa. Akwai wani abu da masu kwaikwayo kan manta: a Amurka gwamnatin tarayya tana rangwanta haraji har kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran ginin tarihi da aka tantance. Ku lissafinku ba ya da wannan tallafi, don haka kada ku auna ribarku da tasu.

Misali na uku na gargaɗi ne. Tashar lantarki ta Battersea a Landan ta daina aiki a 1983. A ƙarshen shekarun 1980 wani mai zuba jari ya fara mayar da ita wurin wasanni, aka yaye babban ɓangare na rufin domin fitar da injina, sai kuɗi suka yanke. Ginin ya zauna a buɗe ruwa da sanyi suna cin ƙarafunansa, ya yi ta sauya hannu, bai buɗe wa jama'a ba sai a Oktoban 2022 bayan wasu kamfanonin Malesiya sun saye shi a 2012. Tun da na san wannan tarihi ban taɓa yarda a cire wa tsohon gini kwano ba sai kuɗin sabon rufi suna hannu, kayan kuma suna ajiye a harabar.

A fara da takarda, sannan ƙasa

Kafin ku kira mai zane, ku zauna da lauya. Idan ba a raba gadon ba, ku daidaita rabon kowa a rubuce, mata da maza, har da na ƙananan yara idan akwai, sannan idan kun amince za ku yi aikin tare ku yi rajistar kamfani a hukumar CAC inda hannun jarin kowa zai dace da rabonsa. Na ga aikin da ya kai rabi ya tsaya cak domin wata ƙanwa da ke aure a wani gari ta ce ba a shawarce ta ba, kuma gaskiya ta faɗa. Daga nan ku ɗauko takardar shaidar mallakar filin. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filin birni yana hannun gwamna, kuma takardar tana faɗar abin da aka ba da filin dominsa da shekarun da aka ba da shi. Taku kusan tabbas ta masana'anta ce, saboda haka sai kun nemi izinin sauya manufa zuwa kasuwanci a ma'aikatar ƙasa, kun biya bashin harajin ƙasa idan ya taru, sannan hukumar tsara birni ta Kano, wato KNUPDA, ta amince da zanen. Ku kuma bincika ko an taɓa jinginar da takardar a banki, domin masana'antu da yawa da suka rufe, da bashi a wuyansu suka rufe.

Bayan takarda sai ƙasa, kuma a nan nake so ka tsaya ka karanta a hankali, domin abinci za a sayar. Masana'antar man gyaɗa ba ta kai majema haɗari ba, inda ake amfani da sinadarin kuromiyom, amma ba ta rasa nata. Akwai tukunyar tururi, wadda a gine-ginen wancan zamani akan naɗe ta da bututunta da asbesto, wato wani abu mai zare-zare da ke jure zafi da wuta. Akwai tankunan baƙin mai da na dizal, wasu a binne. Akwai tsohon taransifoma, wanda mansa kan ƙunshi sinadarin PCB mai guba. Idan kuma masana'antar tana tatsar ragowar mai daga ƙuli da sinadarin hekzen, to akwai tankinsa, kuma abu ne mai saurin kama wuta. Asbesto, ko a rufi ko a silin ko a jikin bututu, ba ya cutarwa sosai muddin yana zaune lafiya. Sai an fasa shi ƙurarsa ta tashi an shaƙa, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Kada ku sa leburori su farfasa shi da guduma. A jiƙa shi, a sauke shi sukutum, masu aikin su rufe hanci da abin kariya na gaskiya, a kuma tuntuɓi hukumar kula da muhalli kan inda za a binne shi.

A wani tsohon sito da na yi aiki a kai, mun gama zane har an fara yanka daɓe domin shimfiɗa bututu, sai birkila ya kira ni ya ce in zo in shinshina. Ƙasar da ke fitowa baƙa ce, tana danƙo a hannu, tana warin dizal. Ashe akwai tankin mai da aka binne wanda babu shi a kowane zane, ya huje ya yi shekaru yana tsiyaya, kuma rijiyar burtsatsen da mai wurin ya riga ya haƙa ba ta da nisa da shi. Kwashe ƙasar da sauya wurin rijiyar sun cinye kuɗin da aka ware wa gaban ginin gaba ɗaya. Da an nemo tsohon maigadi ko tsohon makanikin wurin an zagaya da shi, da ya nuna mana tankin a rana ɗaya. Tun daga nan, abin da nake fara tambaya shi ne: wane ne cikin tsofaffin ma'aikata yake raye? Ku nemo su, ku ba su goro, ku bi su lungu-lungu, sannan a ɗebi ƙasa da ruwa a kai ɗakin gwaji.

Shi kansa ginin ba ya cika ba ni tsoro. Daɓen da aka yi domin ɗaukar injina da buhunan gyaɗa yawanci ya fi ƙarfin abin da taron mutane ke buƙata, wanda mukan ƙiyasta shi a wajen kilo 500 a kan kowace murabba'in mita. Inda matsala take ɓuya shi ne gindin ginshiƙan ƙarfe, inda ruwa ke kwanciya, da bakin ƙarafunan rufi inda suka hau bango, da kankaren da ya fara ɓarewa rodi ya bayyana yana tsatsa. Shekara ashirin na damina da kashin jemagu da tattabaru ba wasa ba ne. Injiniyan gini mai rajista zai ƙwanƙwasa, ya auna kaurin ƙarfen da ya rage, ya huda kankare ya kai gwaji, ya ba ku rahoto a rubuce. Wannan rahoto ne zai raba gardamar da ke tsakaninku da masu cewa a rushe.

Hayaƙi, maiƙo da wuta

Zauren abinci ba kasuwa ba ce mai kujeru. Madafai ne goma ko ashirin a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowace tana fitar da zafi da hayaƙi da ruwan wanke-wanke. Kowace rumfar da ake suya ko girki tana buƙatar murfin zuƙe hayaƙi da bututun da zai kai shi sama da rufi, da ƙofar da za a riƙa buɗewa ana kankare maiƙon da ke taruwa ciki, domin wannan maiƙo shi ne makamashin gobarar madafa. Iskar da fanka ta zuƙe ta fitar kuma dole a samar mata madadi, in ba haka ba hayaƙin zai riƙa dawowa cikin zaure. Na taɓa shiga wani wuri da aka haɗa masu tsire da masu sayar da yadi a zaure guda ba tare da an yi wannan lissafi ba. Wani mai shago ya zaro min bandir ɗin shadda ya ce in sansana. Ƙamshin ƙuli da yaji ne ke tashi daga cikinta. Kafin shekara ta zagayo masu yadin duk sun kwashe kayansu. Shawarata ita ce duk mai aiki da gawayi ko itace, mai tsire da mai balangu da mai gasa kaza da mai masa, a yi masa rumfa a tsakar harabar inda iska ke kaɗawa, a bar cikin zaure ga masu girki da gas da lantarki. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri ba ƙazanta kawai yake kawowa ba, yana kisa. Shagunan tufafi da turare da littattafai kuma a raba su da ɓangaren abinci da bango da ƙofa.

Ruwan wanke-wanke yana ɗauke da man ja da man gyaɗa da kitse, waɗanda ke daskarewa su toshe bututu, don haka kowace madafa sai an sa mata tarkon maiƙo kafin ruwanta ya shiga babbar magudana, kuma a ɗora wa wani mutum takamaimai alhakin kwashe shi. Daɓen masana'anta shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da gangare, saboda haka ko dai a yanka shi ko a ɗaga daɓen madafai sama da na zaure. Na fi son na biyun domin yana rage tonon abin da ba a san shi ba. Tukwanen gas kada a bar kowa ya ajiye tasa a gefen murhu, a yi musu ɗaki guda a waje mai iska, a jawo bututu. Lantarki kuwa a sake shi gaba ɗaya, kada a bar waya ko ɗaya ta dā, kowane shago da mitarsa. Faɗin rufin masana'anta alheri ne ga mai son sa sola, amma sai injiniya ya tabbatar ƙarafunan za su ɗauki nauyin.

Mutumin Kano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan gobarar kasuwa bayan abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari a 2016. Masana'anta an gina ta ne domin ma'aikata ƙalilan da suka san kowace ƙofa, ku kuma za ku tara ɗaruruwan baƙi da mata da yara. Ana buƙatar ƙofofin fita a ɓangarori daban-daban, masu buɗewa ta waje, waɗanda ba a sa musu kwaɗo muddin akwai mutane a ciki, da tankin ruwa na musamman, da hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta iya zagaya ginin. Ku kai musu zanen tun kafin a fara aiki.

Wa zai zo, wa zai biya haya

Bompai tana da abin da unguwannin masana'antu na Sharada da Challawa ba su da shi, wato kusanci da unguwar Nasarawa da ofisoshi da makarantu, amma titunan cikin unguwar masana'antu da daddare duhu ne da tireloli, kuma magidanci ba zai kawo iyalinsa inda babu fitila da wurin ajiye mota da masu gadi ba. Ku je ku zauna a bakin ƙofar ginin kwana bakwai, safe da rana da dare, ku ƙirga masu wucewa da ƙafa da mota da adaidaita sahu. Ku tuna kuma cewa a watan azumi cinikin rana zai mutu ɗungurungum, na dare ya ninka, don haka masallaci da wurin alwala mai wadatar ruwa, da keɓantaccen wurin zaman iyali, da banɗakunan mata masu tsabta, suna cikin abin da zai sa a dawo.

A nan ne nake ganin darasin Chelsea ya fi dacewa da ku. Ku fara neman masu sana'ar da suka riga suna da masu saye a waje: gidan burodi, masu gurasa, masu kilishi da dambun nama da ke aikawa Abuja da Legas, masu sarrafa fura da nono da yogot, matan da ke girkin biki waɗanda madafar gida ta yi musu kaɗan. Irin waɗannan suna buƙatar fili mai ruwa da wuta da tsabtar da za ta taimaka musu wajen samun rajistar NAFDAC, kuma za su biya haya ko zaure ya cika ko bai cika ba. Ragowar ginin a yi ofisoshi ko ɗakin taro da biki. Kada kuma ku rataya wurin gaba ɗaya a wuyan babban ɗan haya guda, domin ranar da ya tashi zai tafi da jama'arsa.

Batun haya yana buƙatar tunani. Al'adarmu ta karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya tana kore ainihin mutanen da ke jawo jama'a, domin mai waina da ta fi kowa iyawa a unguwa ba lalle ne tana da kuɗin shekara a hannu ba. A zaurukan abinci na waje an fi karɓar wani kaso na cinikin kowace rumfa, mai wurin kuma ya ɗauki nauyin kujeru da kwanuka da shara da tsaro. Wannan ba ya yiwuwa sai duk ciniki yana bi ta na'ura ɗaya da kowa ya yarda da ita. Abin da na ga ya fi zama lafiya a wajenmu shi ne ƙaramar haya ta wata-wata ga masu rumfa, da kuɗin hidima da aka fayyace abin da ya ƙunsa, musamman man janareta, wanda shi ne kan gaba wajen haddasa rigima tsakanin mai gida da 'yan haya.

Ban ga gininku ba, kuma ba a cinikin biri a sama, saboda haka ba zan ce muku ku gyara ko ku rushe ba. Idan rahoton injiniya ya nuna ƙarafunan rufi sun mutu, ƙasa kuma ta gurɓata sosai, mai yiwuwa masu cewa a rushe su ne da gaskiya, ko a bar zaure ɗaya mafi kyau da dogon bututun hayaƙin masana'antar idan yana tsaye, a rushe sauran. Idan kuwa ƙashin ginin lafiya yake, ni da zan toshe yoyon rufi, in share harabar, in sa fitilu da banɗaki, in buɗe kasuwar abinci ta yammacin Juma'a zuwa Lahadi a tsakar gida har tsawon wata shida, da rumfunan da za a iya ɗagewa. A nan za ku ga masu sana'ar da layi ke taruwa a gabansu, ku ga ko mutane za su shigo Bompai bayan isha'i. A kasafin babban aikin kuma nakan ware aƙalla kashi 20 cikin 100 domin abin da zai ɓullo bayan an fasa daɓe, kuma ban cika ganin ya yi saura ba. Idan ka samu dama ka aiko min da kwafin takardar filin, da hotunan gindin ginshiƙai da bakin ƙarafunan rufi, da na ɗakin tukunyar tururin.